Sai An Gwada: Tsakanin Riga da Mai Riga

Bara, ana saura mako uku mu yi bikin cikar ƙungiyarmu shekara biyu, aka tsai da shawara a taro cewa ranar biki kowa zai sa riga iri ɗaya: tishat shuɗiya, da sunan ƙungiya a ƙirji da hoton alƙalami a baya. Da yake kayen kuɗi a hannuna yake, ni aka ɗora ma aikin. Mu 28 ne, kowa ya kawo jaka biyu da rabi, kuɗin riga da na buga rubutu. Wanda bai taɓa zaman jiran burs ba zai ga kamar ba wani kuɗi ba ne. Mu kuwa mun san akwai wanda sai da ya haƙura da abincin rana na kwanaki kafin ya haɗa nashi.

Na bi kowa da bik da kaye ina tambayar lambar da yake sawa. Babu wanda ya tsaya tunani, kowa ya san harafinshi kamar yadda ya san sunan unguwarsu. Wannan ya ce M, waccan ta ce S. A cikinmu akwai wani da ba zan faɗi sunanshi ba, Yaya muke ce mashi don ya girme mu duka. Mutum ne mai jiki, mai faɗin ƙirji, kuma duk cikinmu babu wanda ya kai shi iya waƙa. Da na zo kanshi ya ce, "XL, ka rubuta da kyau." Na rubuta.

Na tafi babbar kasuwa nan Maradi wajen wani mai shago, ya fiddo mani riguna cikin leda, kowace a naɗe. Na ƙirga haruffan da ke jikin wuyansu: S shida, M goma sha biyu, L takwas, XL biyu. Lissafi ya cika. Ban buɗe ko ɗaya ba, na miƙa ma mai buga rubutu. Kuma kowa ya san rigar da aka buga ma rubutu ba ta komawa shago.

Ranar rabo muna zaune a fada, ƙarƙashin bedi, shayi na kan wuta. Nan fa abin ya tashi. Cikin masu M akwai wanda rigar ta sauko mashi har cinya, akwai wanda ba ta rufe mashi bel ba, alhali harafi ɗaya ne a wuyansu. Aka yi ta musanye ana raha. Sai Yaya ya zura tashi. Ta wuce kai da ƙyar, ta kama shi a ƙirji, ta tsaya sama da cibiya. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Yaya, a rage tuwon dare." Ni kuma, mai kaye, don in fidda kaina, na ɗaga murya na ce, "Ai XL ce Yaya, ga shi nan an rubuta. Laifin ba na riga ba ne."

Bai ce komai ba. Ya cire rigar, ya ninke ta, ya ajiye a kan benci, ya sha shayinshi na farko ya yi sallama. Ranar biki ba mu gan shi ba, waƙar da ya shirya ma ranar kuma babu wanda ya ji ta.

Tun ranar akwai tambayar da ta ƙi sakina, ita ce ta sa na ɗauki bik. A gabana akwai shaidu biyu da suka saɓa. Ɗaya mutum ne da na sani shekara biyu, muna ci kwano ɗaya, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ɗayar ƴar guntuwar ƙyalle ce da wani wanda ban sani ba ya liƙa a wata ƙasa da ban taɓa zuwa ba. Me ya sa ko numfashi ban ja ba na gaskata ƙyallen na ƙaryata mutumin?

Bayan biki na koma wajen mai shago da rigar Yaya a hannu, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan lakol, ni na ɗinka ta? Haka ta zo cikin kwali. XL ɗin Sin ai ita ce M ɗin Turawa, wa bai san wanga ba? Da ka tambaye ni da na gaya maka." Ya aika yaronshi rumfar masu bosho, ya aro wata tishat ta Amurka mai harafin L, ya shimfiɗa ta a kan tebur ya ɗora ta Yaya a kai. L ɗin ta fi XL ɗin faɗi ta kowane gefe. Ya kuma ce rigunan M ɗinmu daga kwali biyu suka fito, masana'anta biyu, launi ne kawai ya haɗa su.

Daga nan na wuce wajen wani tsohon tela na unguwarmu, na roƙe shi ya auna mani da igiyar awonshi, wadda muke ce ma metir. Daga hammata zuwa hammata, XL ɗin Yaya santimetir 52 ce, ke nan zagayenta 104. Tawa mai harafin M ta ba da 53. Ta wani abokina, ita ma M, ta ba da 47. Ashe rigar da nake sanye da ita ranar da nake ma Yaya gori ta fi tashi faɗi. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyana, shekara arba'in ina ɗinki, ban taɓa ganin mutum M ba. Kowa ya zo sai na sa mashi metir."

Maganar nan ta sa na shiga neman asalin haruffan. S na nufin ƙarami, M matsakaici, L babba, kowane X kuma ƙari ne a kan babban. To ƙarami a kan wa? Babba a kan wa? Santimetir ɗaya yake ko a Maradi ko a Faransa, don an yi yarjejeniya a kan tsawonshi. “Babba” kuwa kalma ce mai neman abin kwatance. Babban ɗan akuya bai kai ƙaramin maraƙi ba. Masana'antar da ke ɗinka ma mutanen gabashin Asiya tana da nata matsakaicin mutum a kai, wadda ke ɗinka ma Amurkawa tana da nata, su biyun kuma suna rubuta M. Mu da muke ƙarshen hanya, inda kwalin Sin da bal ɗin bosho na Turai da na Amurka suke haɗuwa a rumfa ɗaya, mu ne muke karɓar M iri uku ko huɗu a rana ɗaya.

Ba a rasa ƙoƙarin daidaita abin ba. Ƙasashen Turai suna da wata ƙa'ida mai lamba EN 13402 da ta ɗaure haruffan da awon jiki. A wajen maza, M na mai zagayen ƙirji 94 zuwa 102 ne, L 102 zuwa 110, XL kuma 110 zuwa 118. Daga baya da aka auna Yaya, ƙirjinshi 114 ne. Ke nan bisa wannan ƙa'ida XL ɗin da ya faɗa mani daidai take, ya san jikinshi sarai. Sai dai ƙa'idar ba ta tilasta ma kowa ba, wanda ya ga dama ya bi, wanda bai ga dama ba ya rubuta abin da ya so. Bayan haka ga abubuwan da ke faruwa a wajen aiki. Ana jibge yadi hawa-hawa a yanka gaba ɗaya, na sama da na ƙasa ba lalle su fito daidai ba. Mai ɗinki ɗaya ya ci baki da yawa, wani ya ci kaɗan. Yadin auduga kuma yakan tsuke bayan wankin farko. Shi ya sa ko riguna biyu na kwali ɗaya sukan ɗan bambanta.

Amma akwai abin da ya fi wannan zurfi. Shi kanshi matsakaicin mutumin da ake yanka riga dominshi, ƙirƙirarshi aka yi. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya yaɗa tunanin a littafin da ya fitar a 1835: a auna mutane da yawa, a tara, a raba, abin da ya fito shi ne mutumin tsakiya. Tunanin ya yi ma masu ɗinka kakin soja amfani, don ba za a kai tela gaban kowane soja ba, daga nan kuma ya shiga kayan kanti. Ita ma tishat ɗin rigar ciki ce ta sojojin ruwan Amurka a farkon ƙarni na 20, kafin ta fito fili.

A 1950 sojojin saman Amurka suka auna matuƙan jirginsu, don kujeru da sauran kayan cikin jirgi an yi su ne bisa matsakaicin awo. Wani matashin jami'i, Gilbert Daniels, ya ɗauki awon mutum 4,063, ya zaɓi abubuwa 10 kamar tsawo da zagayen ƙirji da tsawon hannu. Ya tambaya: mutum nawa ne suke tsaka-tsaki a duka goman? Bai tsananta ba, ya bar ƙofa a buɗe, duk wanda ya faɗo cikin kashi 30 bisa 100 na tsakiya ya ƙirga shi. Ko mutum ɗaya bai samu ba. Mai matsakaicin tsawo sai a tarar hannunshi dogo ne, mai matsakaicin hannu sai a tarar ƙirjinshi ya fi faɗi. Abin da suka yi bayan haka shi ya fi burge ni. Ba su ce matuƙa su gyara jikinsu ba, sai suka sa aka ƙera kujerun da ake matsawa gaba da baya, a ɗaga a sauke. Abin da tsohon telan unguwarmu ya faɗa mani ke nan, shi da bai taɓa shiga jirgi ba.

Sannan akwai tambayar su wa aka auna. Tsakanin 1939 da 1940 ma'aikatar noma ta Amurka ta sa aka auna mata kusan 15,000, kowace mace awo 59, don a fidda lambobin kayan mata. Da aka zo lissafi, awon fararen fata kaɗai aka yi aiki da shi. A kan wannan tubali aka gina ma'aunin da gwamnatinsu ta fitar a 1958, wanda ta janye a 1983. Ni dai tun da nake ban taɓa ganin wanda ya zo Maradi ko Damagaram ko Tawa da metir yana auna ƙirjinmu don wata masana'anta ba. Dogon Bafillace mai siririn jiki da Ba'adare mai faɗin kafaɗa, duka ana miƙa masu rigar da aka yanka ma wani. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

To, laifin wa? Da na zauna na tsefe abin sai na ga bai kamata a zuba duka cikin kwando ɗaya ba, kuma tiyar hatsi ce ta taimake ni. Duk wanda aka taɓa aika kasuwa ya san tiya ba ɗaya ba ce. Ta wannan gari takan ɗan fi ta wancan, kowa ya sani, farashi ma yana bin haka, babu wanda ke kiran wannan cuta. Haka masana'antar da ta yanka XL daidai jikin mutanen ƙasarta, ba ta yi ma kowa ƙarya ba, a garinsu XL ce. Wannan iyakar awo ce, babu zunubi a ciki.

Akwai kuma mai awon da ke da tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, ko wanda ya bubbuge gindin tiyarshi ya tura shi ciki. Tun muna makarantar allo muka haddace surar da ta yi kashedi a kan masu tauye mudu. A harkar riga ma akwai irinshi. In masana'anta ta rage santimetir 2 a tsawon kowace riga ta bar harafin yadda yake, a riga 10,000 ta tsira da tsawon metir 200 na yadi, mai saye kuma ba zai gane ba sai ya je gida. Akwai ma wata cutar da ta fi wannan wayo, wadda ta yi yawa a ƙasashen masu kuɗi. Can mutane da yawa suna jin kunyar ƙiba, sai masu kaya su ɗinka babbar riga su liƙa mata ƙaramin harafi, don mai saye ya ji daɗi ya ce har yanzu shi M ne, ya dawo gobe. Wannan ya ƙara yadi, wancan ya rage, amma abin da suka taɓa ɗaya ne: sun mai da awo abin neman riba. Na farkon ya ci kuɗinka. Na biyun ya yi maka daɗin baki a kan jikinka, kuma ba na jin ya fi na farkon sauƙi, don mutumin da ake ɓoye ma gaskiyar jikinshi an raina hankalinshi.

Sai mai shago. Bai ɗinka ba, gaskiyarshi. Amma da bakinshi ya ce ya san XL ɗin kwalinshi ƙarama ce, ya kuma san M ɗin kwali biyu ne. Ya ga ɗalibi da kaye da jerin sunaye, ya san mutane 28 ne za su sa, ya yi shiru don ban tambaya ba. Mun daɗe muna gardama a fada a kan ko shirun nan laifi ne. Wasu suka ce kasuwa ce, mai saye shi ke buɗe ido. Ni ina ganin wanda ya san aibin kayanshi ya kuma san mai saye bai sani ba, shirunshi magana ce. Tiya ko ba komai kana ganinta da ido, kana iya cewa a sake awo. Riga cikin leda kuwa ba ka da abin riƙewa sai harafi da amanar mai shago.

Na bar nawa laifin a ƙarshe don shi ya fi yi mani nauyi. Rashin buɗe leda sakaci ne, kuma sakaci da kuɗin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Amma maganar da na yi a fada ta fi sakacin muni. Da riga ta ƙi shiga, akwai hanya biyu a gabana: in ce rigar ta yi kaɗan, ko in ce mutumin ya yi yawa. Ta farko za ta jawo tambaya a kan wanda ya sayo rigar, wato ni. Ta biyu ba ta cin kowa sai Yaya. Na zaɓi ta biyu, na kuma fake da rubutu. Mu ƴan lakol muna da wata irin biyayya ga abin da aka buga da inji. In magana ta fito daga bakin tsoho sai mu nemi hujja, in ta fito a takarda da harafin boko sai mu yi shiru. Ranar nan na ga wannan halin a jikina.

Abin mamaki, ba haka aka rene mu ba. Ina tuna in Salla ta matso, mahaifiyarmu takan sa mu taka ƙasa, ta karyo kara ta gwada a tafin ƙafar kowa, ta yanke daidai, ta ba mahaifinmu ya tafi kasuwa da karare biyar a aljihu. A rumfar takalma zai zura kara cikin takalmi. In bai shiga ba a ajiye takalmin a ɗauko wani. Ba a taɓa dawowa gida an ce ƙafar yaro ce ta yi laifi ba. Karan shi ne wakilin yaro a kasuwa, kuma maganarshi ce ta ƙarshe.

Dubi kuma tufafinmu na gado. Babbar riga uba ya sa, ɗa ya gada, ko da jikinsu ba ɗaya ba. Wando mai mazagi yana bin ƙugu, ka rame ka ja, ka yi ƙiba ka sassauta. Zane ɗaya mace za ta ɗaura tana budurwa, ta ɗaura da ciki wata tara, ta goya ɗan da shi. Waɗanda suka tsara waɗannan kaya sun san jiki ba ya zama wuri ɗaya, akwai damina akwai rani, akwai ciwo akwai lafiya, sai suka bar ma jiki fili.

Na san abin da wani zai ce, don an faɗa mani a taro: "To malam, mu koma wajen tela ke nan?" Maganar tana da ƙarfi, ba zan kauce mata ba. Yadi da kuɗin ɗinki sun fi ƙarfin da yawa daga cikinmu. Telan ma ba waliyyi ba ne, kowa ya san "gobe ka dawo" ta jajibirin Salla, da yadin da ake kai mashi ya dawo da ragi. Tishat mai araha ita ta suturta ɗan kabu-kabu da manomi da ɗalibi. Kuma duk wanda zai ɗinka ma mutum dubu da bai taɓa gani ba, dole ya kasa su gida-gida, ba shi da wata dabara. In aka ce a soke haruffa, talaka ne zai fara shan wahala. Na yarda da wannan duka.

Abin da nake cewa ya fi haka ƙanƙanta. Harafi kintace ne. Wani ne daga nesa yake cewa, "Ina jin wannan za ta yi maka." Kintace abu ne mai amfani muddin ana tuna cewa kintace ne. Mai ɗinki hakkinshi ne ya yi kintacen da gaskiya, in da hali ya rubuta santimetir kusa da harafin. Mai sayarwa hakkinshi ne ya faɗi abin da ya sani. Mu masu sawa kuma, in kintace ya saɓa da mutumin da ke tsaye a gabanmu, mutumin za mu bi. Riga aka yi domin jiki.

Ban iya tsai da tunanin a kan riga kaɗai ba, don mu ɗalibai cikin irin wannan awo muke kwana muke tashi. Mwayan, goma bisa ashirin, ita ce M ɗinmu. Mai 10,25 ya wuce, mai 9,75 ya maimaita aji, rabin maki ne tsakaninsu, wataƙila zazzaɓin kwana ɗaya ne ko mushen da ya gaji da gyaran takardu. Ba na cewa a daina ba da maki, lakol mai ɗalibai dubu ba ta da wata hanya, kamar dai masana'anta. Amma na ga yaran da suka ɗauki lambar suka sa a wuya suka ce su daƙiƙai ne, suka bar karatu, alhali wani cikinsu in ya buɗe injin babur sai ka riƙe baki. Mu marubuta ma muna da kwalin kalmominmu da aka riga aka ɗinka: ɗan ƙauye, talaka, bazawara, ɗan fada. Sauƙin ɗauka gare su, sai mu zura ma mutum a labari, in ta matse shi mu ce haka irinsu suke. Duk wanda ya karanta gajerun labaran da muke bugawa a wannan ɗan littafi, har da nawa, zai ga irin waɗannan riguna.

Rigar Yaya ta yi wata biyu cikin akwatina kafin in sami ƙarfin zuciyar zuwa ɗakinshi. Na tarar yana wanki. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na gaya mashi abin da metir ya nuna, na ba shi haƙuri. Ya matse rigar da ke hannunshi ya shanya, sannan ya ce, "Ƙanena, dariyar ba ta dame ni ba, tun ina firamare ake mani ita. Ka san sau nawa nake juye tulin bosho kafin in sami guda ɗaya da za ta shige ni? Mai jiki ya fi kowa sanin lambarshi, don shi ke shan kunya a rumfa. Abin da ya yi mani zafi, kai da ka rubuta da hannunka, kai ka ce an rubuta."

Ban sami abin cewa ba. Na roƙe shi ya raka ni wajen tsohon tela, ya yi jim, ya sa takalmi. Tsohon ya auna shi, ya farke rigar ta gefe biyu tun daga hammata har ƙasa, ya ce a kawo yadi mai launinta. Babu wata shuɗiya irinta da nake da iko da ita sai tawa, ita aka yanka aka yi ƙari a gefe da ƙasa. Dala ɗari ya karɓa. In ka matso kusa za ka ga ɗinkin, amma ta zauna mashi daidai.

Bana ma za a yi riguna, kuma an sake ba ni kaye, ban san ko don yarda ba ko don horo. Na canza tsari. Na ce kowa ya ɗauko rigar da ta fi yi mashi daɗi a cikin kayanshi, ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya auna daga hammata zuwa hammata, sannan daga kafaɗa zuwa ƙasa. Wanda ba shi da metir ya yi da igiya ya ƙulla, ya rubuta sunanshi a ƴar takarda ya ɗaura. Babu wanda za a auna a gaban jama'a, babu kuma wanda zai ji awon wani. Zan tafi kasuwa da igiyoyin nan kamar yadda mahaifinmu ke tafiya da karare, in buɗe kowace leda a gaban mai shago, in bar ɗan sarari saboda tsukewar wanki, in wanke guda ɗaya in gani kafin a kai wajen buga rubutu. Zai ci mani yini guda, mai shago kuma zai yi tsaki. Kai ma mai karatu, in za ka saya ma wani riga, ƙane ko ɗa ko aboki, ka tafi da igiyarshi. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yaya ya dawo taro. Sau ɗaya na gan shi da shuɗiyar rigar, wata ranar Lahadi a fada, babu kuma wanda ya ce uffan. Igiyarshi tana cikin kayena tare da ta kowa, shi ya fara kawowa. Waƙar da ya shirya ma bikin bara dai har yau bai karanta mana ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya. Allah ya ba mu ikon cika mudu, a kasuwa da wajen kasuwa.